Ramin Malam Jatau

A wani daji da ke gefen rafi, an taɓa yin shari'ar da ta bar tambayar da har yau ba a sami mai amsa ta ba: shin tara tarkace yaro koyonsa yake yi, ko da shi ake haihuwarsa? Masana sun faɗi nasu sun gaji. Abin da aka tabbatar kawai shi ne yadda maganar ta faro.

Tsoho Kunkuru, shugaban majalisar dajin, ya nufi rafi da hantsi, sai ya taka ƙwallon goriba da yara suka bari a hanya, ya mirgina ya kwanta rigingine. Ya kai azahar ƙafafu huɗu a sama kafin Bushiya ta zo wucewa ta juya shi. Kashegari aka kira taro a gindin tsamiya. Kowa ya ba da shaida cewa hanyar ta cika da motocin kara da shanun laka, har ba a iya tafiya sai da kallon ƙasa.

Malam Jatau, wani namijin gafiya mai ƙiba da kwarjini, wanda ba a tashi taro bai yi magana ba, ya miƙe ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne, gobe wa ya sani? Yaran yanzu zubarwa suka iya, ba su san kwashewa ba. Mu a zamaninmu, in ka bar abin wasanka a hanya, ka bar shi ke nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ba kowane gida kwana uku. Duk abin wasan da aka samu a waje bayan haka, a zuba shi a rafi mai shi yana kallo."

Aka amince baki ɗaya. Sai da aka zo tashi Bushiya ta tuna wa majalisa al'adar kakanni: wanda ya kawo doka, daga ƙofarsa ake fara dubawa. Malam Jatau ya ce ai haka ya fi so. A hanyar gida kuwa bai tsaya gaisawa da kowa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ramin Malam Jatau ɗaki uku ne, kuma duka ukun a cike suke da abin da ya shekara ashirin yana jawowa: fasassun ƙore, tsummoki, bakin fartanya, murafen kwalba, da wani takalmi ƙafa ɗaya da ya fi ƙauna. Shi da matarsa Delu da ƙaramar 'yarsu Ladidi a mashiga suke kwana. Da yammar nan Delu ta roƙe shi, kamar yadda ta saba, ya fitar da ko da kayan lungu guda, yarinya ta sami wurin ajiye nata. Ta ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya amsa da cewa doka ta kayan wasa ce, nasa kuwa ajiya ce, kuma wata rana za ta yi amfani. Ko tsinke ba zai fitar ba.

Kwana ukun nan ya ƙare su yana yi wa Ladidi faɗa. Ya ce da ita doka doka ce, ko a kan 'yar wa ta faɗa.

Rana ta huɗu Kunkuru ya iso da Bushiya, da Hankaka wanda aka ba aikin kai kaya rafi, jama'a na biye. A bakin ramin ga motar kara, ga shanun laka biyu, ga 'yar tsanar totuwar masara da Delu ta yi wa gashi da zare. Ladidi ba ta iya barci sai da ita.

Kunkuru ya sassauta murya. "Jikata, me ya hana ki kwashe?"

"Na kwashe, Kaka. Kullum ina shigarwa. Baba ne yake turo su waje da safe, don in ba haka ba, ba zai sami hanyar fita ba."

Ba ƙara ta kai ba, amsa ta bayar. Bushiya ta leƙa ramin, ta daɗe, sannan ta janye kanta. Malam Jatau ya jira dariya, ba ta zo ba. Ya ga Kurege yana nazarin faratansa, ya ga Zomo yana kallon sama kamar mai duban hadari. Da sun yi dariyar da ya fi masa sauƙi.

Har a lokacin yana da mafita. Yana iya cewa a cika doka, a yaba masa da rashin son kai, maganar ramin ta mutu. Yana cikin wannan tunani sai Ladidi ta ɗauki 'yar tsanar, ta share mata ƙura, ta miƙa wa Hankaka da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Ubanta ya ce doka doka ce, ita kuwa ta yarda da shi.

"Dakata, Hankaka," in ji Malam Jatau, da muryar da ba a taɓa ji a gindin tsamiya ba.

Ya shiga ramin. Aka ji ƙaraf-ƙuruf, can sai ga shi yana fitowa da baya, yana jan takalmin nan da haƙora. Ya ajiye shi a gaban Hankaka, bai dubi kowa ba, ya koma. Har la'asar yana shiga yana fita, ƙura ta mai da shi fari. Da lungu ya samu, Delu ta zaɓi ƙwarya mafi ƙarancin tsaga ta kafa a ciki. Ladidi ta jera kayanta, manya a ƙasa, ƙanana a sama, sannan ta nuna wa ubanta yadda ake yi.

Jama'a ba su jira ƙarshe ba. Kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Tun daga ranar ba a sake samun wanda ya kawo doka a dajin nan ba. Amma har gobe, in an zauna a gindin tsamiya, kowa ya yarda cewa yaran yanzu ba su san kwashewa ba.