Rasuwar Dattijon Ƙarƙashin Bene

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai kallon ƙasa, Injiniyan ofishinmu yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, tsohuwar kwamfutar nan ta ƙarƙashin bene wadda ta riƙe takardun ofis da intanet ɗinsa tun kafin Manaja ya yi furfura.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha ƙura, ya sha ɗauke wuta, bai taɓa kai ƙara ba. Iyakar maganarsa "wuuu" da safe, sai "ƙit-ƙit-ƙit" in an matsa masa. Masinja ya shaida cewa bai taɓa ɗora kwanon abincinsa a bayan Dattijo ya ɗauke shi da sanyi ba.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da Injiniya ya ji labarin wata manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Da ita ake sarrafa manyan kwamfutocin haya na can nesa, waɗanda 'yan zamani ke kira gajimare. Ya ce bari ya fara koyo a kan Dattijo. Shafin farko na bayanin manhajar ya yi gargaɗi cewa sai na'ura mai jini a jika. Injiniya, da yake mai gaggawa ne, daga shafi na biyu ya fara.

Da aka danna maɓalli, tsoho bai yi musu ba. Yana nishi, fanka na kuka, ya kwashe duk amanar da ke cikinsa ya miƙa wa gajimare, har da hotunan bikin 'yar Manaja. Da fayil na ƙarshe ya haye, ya ce "tiiit", ya saki ɗan hayaƙi, ya cika. Abin da ya fi ci wa Injiniya rai, aiki bai tsaya ba, sai da wari ya kai sama aka san an yi rashi.

Dattijo ya rasu ya bar mata ɗaya, Firinta, wadda tun ranar take cin takarda, da 'ya'yan wayoyi a cukurkuɗe, da gizo-gizon da ya riƙa kamar ɗan cikinsa.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a baron mai sayen tsoffin ƙarafa. Injiniya zai karɓi gaisuwa a ƙarƙashin bene. Ƙofa a buɗe take ga kowa, ban da mai tambayar wa ya danna maɓallin.