Ranar da Na Kai Surukata Sinima

Satin da surukata Hajiya ta iso Harlem daga Kano, na ɗauri aniyar burge ta. Hutun Kirsimeti ne, an fito da wani fim mai waƙe-waƙe cike da manyan taurari. Tallarsa kawai na gani a jirgin ƙasa, amma na bugi ƙirji a gaban matata: "Ki bar min zaɓin. Ni fa na san fim."

Muka kwashi yara da Hajiya cikin sanyi, sai sinima.

Ashe duk taurarin nan ba mai murya. Mutum gishiri zai nema a kan tebur, sai ya ɓarke da waƙa. Mutane suka fara sulalewa, wani a bayanmu sai tsaki yake. 'Yata Amira ta raɗa min da Turanci wai a mayar da ita gida. Gumi ya keto min, na kasa ko kallon inda Hajiya take.

Da aka kunna fitilu na juya zan ba ta haƙuri, sai na tarar tana sharar barci. Matata ta taɓa ta, ta yi miƙa.

"Baban Amira, Allah ya yi maka albarka. Tun da na sauka garin nan ban samu barci irin wannan ba."

Na sauke ajiyar zuciya. "Amin, Hajiya."

Har yau duk wanda barci ya ƙaurace wa a danginsu, sai matata ta miƙo min waya: "Likita, ga majinyaci. Wane fim za a ba shi?"