Kawu Sallau da Tukunyar Suya

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, maganar kawunku Sallau ce.

Kun san gidansa: shi da matarsa Lantana, sai ɗiyarsu Zulai da ke aure a Zariya. Da hawan jini ya kwantar da Lantana, likita ya hana ta soye-soye. Ita kuwa ta ce in babu soyayyar kaza, a ɗauke kwanon. Haka ta yi ta ramewa. Sai Zulai ta kawo tukunyar lantarki mai suya da iska mai zafi, ta koya wa ubanta girki: a tausa tsokar kaza, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin burodi, a ɗora miyar tumatir da ɗan cuku a kai.

Wata rana Zulai ta tuna masa a waya ya bubbuga tsokar har ta yi laushi. Ya jawo turmi ya yi ta kirɓa, maƙwabta suna zaton sakwara ake yi. Lantana ta leƙa ta tambaye shi ko dambun kaji zai sayar a tasha.

Wata rana aka ce masa kada ya buɗe tukunyar sai ta yi ƙara. Yana kunnawa aka ɗauke wuta. Ya zauna gabanta da carbi tun hantsi har la'asar, Lantana na kiran yunwa daga ɗaki.

"Yi haƙuri, Hajiya," in ji shi, "ba ta yi magana ba tukuna."

Zulai ta gaji ta yanke masa doka guda: kada nama ya shiga bakin uwarta sai wanda ya fito daga tukunyar nan.

Wata rana aka yi suna a maƙwabta, ƙawar Lantana ta lallaɓo mata da cinyoyin kaza, mai na naso. Sallau ya tare kwanon a ƙofa. Bai hana ba, ba a ce ya hana ba. Ya juye su cikin tukunyar ya kunna, don su fito daga cikinta kamar yadda aka ce. Lantana na zaginsa, shi ko a jikinsa. Da ya zaro kwandon cikin tukunyar, sai ga mai ya tsiyaye ya kwanta a ƙasa, baƙi, ya kusa cika kofin shayi.

Lantana ta daɗe tana kallo.

"Wannan duka cikina za shi?"

"Da can ma nan yake zuwa," in ji Sallau.

Tun ranar ba ta sake neman suyar kasko ba, kazar tukunya take ci har da suɗe yatsa.

Yanzu Zulai ta zo gida, ta dage a ɗauko mai girki, wai Baba zai ƙona gida. Lantana ta ce babu mai taɓa mata tukunya sai wawanta. Sun kawo mini ƙara, kowa na jiran in goya masa baya. Ku da kuka yi boko, ku raba mana wannan gardama kafin Zulai ta koma.