Ranar Da Na Fitar Da Makara Daga Gidan Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka tsaya sahu za a yi wa Kawu Garba salla, alhali yana kwance a ɗaki da ransa. Kuma ni na jawo.

Lokacin ina da ɗan shagon sayar da kaset a kasuwar Gwarzo. Zamani ya yi tsanani, mai iyali ta hatsi yake yi ba ta kallo ba, sai in wuni ina korar ƙuda da rediyo a kunne. A rediyon ne na ji labarin wani Bature daga Ayislan, ƙasar ƙanƙara, wai da ƙaramin abu ya fara, ya haɗa kasuwanci da shirya fim har duniya ta san shi. Na ce to ni me ya fi ni? Kasuwanci dai ina yi (in har zaman shagon da ba ciniki kasuwanci ne), saura fim. Tun kafin in ɗauki ko minti ɗaya na sa abokaina suka fara kira na furodusa.

A shekarun ne aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ana yi wa 'yan fim kallon masu lalata tarbiyya. Sai na yi dabara. Na ce nawa fim ɗin ba rawa ba waƙa, wa'azi ne zalla a kan mutuwa, yadda ko malamai suka gani za su sa mini albarka. Na samo Yohanna, wani mutumin kudancin Kaduna da ke ɗaukar bukukuwa da kyamararsa, na tara samari shida, muka nufi ƙauyenmu a wajen Dugabau don mu ɗauki wurin jana'iza.

Gidan da na zaɓa na Kawu Garba ne, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Zaurensa na ƙasa ne, tsoho, irin wanda nake so. Kawu kuwa ya fi wata huɗu a kwance, duk ƙauyen an san jikin ya yi nisa. Na shiga na durƙusa na gaishe shi, na ce za mu ɗan ɗauki hoto a ƙofar gida.

“Gidanka ne,” ya ce. “Allah ya yi albarka.”

Ban faɗa masa hoton me ba ne. Ina jin ko a lokacin zuciyata ta san abin da ya sa ban faɗa ba.

Muka naɗe filo uku da tsohuwar tabarma a cikin farin yadi. Makara kuwa guda ɗaya ce a ƙauyen, tana jingine a bayan masallaci. Damina ce, hantsi ya yi, kowa yana gona, don haka na sa aka ɗauko ta ba tare da na tambayi kowa ba. Yohanna ya dube ta, ya dube ni.

“Oga, ka sanar da mai unguwa kuwa? Ko Liman?”

“Kai dai riƙe kyamararka,” na ce. “Nan garinmu ne.”

Baƙo ya hango abin da ni ɗan gari na manta. A wurinmu ba a shelar mutuwa da baki kawai. Makara in ta bar bayan masallaci, shela ta gama. Wanda ya gan ta a hanya kuma ba ya tambaya, ajiye abin da ke hannunsa yake yi ya bi.

Sau huɗu muka fito da makarar daga zaure muna komawa, don wai tafiyar samarin ba ta yi mini nauyi yadda nake so ba. Kafin na biyar, mutane sun fara ɓullowa ta lunguna, ƙafafu duk taɓo, wasu da fartanya a kafaɗa. Ba mai magana sai salati ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ya zo ya karɓi gefen makarar daga hannun ɗaya daga cikin samarina, yaron kuwa ya sakar masa.

Ga wurin da nake jin nauyin faɗa. A nan ya kamata in ɗaga hannu in ce jama'a ku yi haƙuri, wasa ne. Ban ce ba. Na dubi wannan taro, na dubi fuskokin nan masu alhinin gaske, na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Yohanna ya sauke kyamara, na yi masa alama da ido ya ci gaba. (Har yau in na tuna wannan alamar idon, abinci fita kaina yake yi.)

Sai ga Liman ya iso da sauri, rawaninsa a hannu. Ya riƙe hannuna biyu.

“Sannu da haƙuri. Allah ya jiƙan Garba, ya sa ya huta. Wa ya yi masa wanka ba a aiko mini ba?”

Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka kuka ne ya hana ni magana, ya dafa kafaɗata. Aka ajiye makara a gindin darbejiya, aka ja sahu har uku. Ni ma, don rashin kunya, na shiga sahun farko.

Liman ya gyara tsayuwa ke nan sai muka ji kuka daga hanya. Hauwa ce, 'yar Kawu da ke aure a ƙauyen gaba. Labari ya isa gare ta, ta taho da gudu ba takalmi, goyo a baya, ta zube a bakin zaure tana kiran “Baba, Baba.” Kukan nata ne ya tayar da Kawu.

Kawu ya fito yana dafa bango, rabonsa da ganin waje wata huɗu. Sahu ya watse, wasu suka ja da baya suna a'uziyya. Shi kuwa ya tsaya yana kallo. Ya dubi Hauwa a ƙasa, ya dubi maƙwabtansa, ya daɗe yana duban farin yadin nan a kan makara. Sannan ya nemo ni da ido. Bai ɗaga murya ba.

“Da ka ɗan jira, yaro. Ai ba zan daɗe ba.”

Na so a ce mari na ya yi. Na so Liman ya sa a yi mini bulala a gaban kowa, da na ji sauƙi. Ba wanda ya taɓa ni. Liman da kansa ya warware yadin, filo uku suka bayyana, ya sa aka mayar da makara inda take. Mutane suka ɗauki fartanyoyinsu suka koma gona, ba wanda ya ce mini ko kanzil. Yohanna ya ciro kaset ɗin ya miƙo mini, ya hau babur ɗinsa. Ban taɓa kallon abin da ke ciki ba.

Na yi ta zarya ina ba Kawu haƙuri, kullum ya ce ya yafe. Na kuwa yarda ya yafe. Amma Hauwa ta ce tun ranar ya daina tambayar yadda gonarsa take.

Bayan an yi girbi Allah ya karɓi abinsa, da safe, ina riƙe da hannunsa. Ni ne namiji babba a gidan, ni ya kamata in sanar. Na je na sami Liman a ƙofar gidansa, na durƙusa, na ce Kawu ya cika. Ya dube ni.

“Bari in je in gani da idona,” ya ce.

Sai da ya shiga ya fito sannan ya yarda a taɓa makara. Ko da aka ɗauko ta, mutane ba su biyo ta nan take ba, aike suka riƙa yi ana tambaya ko da gaske ne. Mutumin da ya shekara sittin yana bin jana'izar kowa, sai da muka zauna jiran sahu ya cika.

Ban sake shirya fim ba, sunan furodusa kuwa ya bi ni har yau, amma a bakin masu tsokana. Abin da na koya shi ne, komai na gari ana iya aronsa, turmi, tsani, har jaki. Hawayen mutane ne kawai in ka ara ba da saninsu ba, ranar da kake buƙatarsu da gaske sai ka kawo shaida.