Filina na Bakin Teku

Bayan guguwar nan da ta kwashe rufin gidaje a unguwar Ruwais, kowa yana gudun bakin teku, ni kuwa na hango arha. Dillali ya nuna min fili, rairayi fari tas. Na ce, "Halas, shi ke nan, na saya!" Ashe guguwar ce ta tara rairayin.

Na cika unguwarmu Sharafiyya da labari, har ina zaɓar waɗanda zan gayyata hutu. Ran Juma'a na kwashi iyali, da tabarma da butar shayi. Muka tarar teku ya kwashe kayansa.

Ƙanin matata ya naɗe wando ya shiga ruwan, ya ce, "Yaya, nan ne falon?"

Har yau in matata ta sayo kifi sai ta ce, "Maigida, ga ɗan hayarka."