Kada Fure Ta Ji

"...Ina gajiya, amaryata? Ko har yau fushi ake da ni?"

"Gajiya ta bi lafiya. Wa ya ce maka ni amaryar mai ƙafa kamar sillen kara ce? Mene ne a jarkar nan?"

Shekara biyu ke nan Inna Hauwa tana Gyaɗi-Gyaɗi, tun da mijinta Malam Bello ya rasu, ɗanta ya ɗauko ta daga rugarsu ta bayan Rano. Gidan akwai famfo, akwai fanka, amma tsohuwar nan har yau ba ta yafe wa birni ba. Shanunsu duk an raba, saura guda ɗaya, Fure, wadda ta bar wa ƙanenta Inuwa amana. Da ta je ganin gida da damina ta sha ɗanyar madara son ranta, ta dawo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, sai da ta yi wata uku a kwance. Likita ya ce daga madarar ne, in ta sake, ba lallai jikinta ya ɗauka ba. Yau kuma ga jikanta Murtala, mai aiki a wani ƙaramin gidan yogot a Tarauni, ya shigo da saƙon da ya karɓo a tashar Unguwa Uku.

"Kawu Inuwa ne ya aiko," in ji Murtala. "Tatsar safiyar nan. Fure ta haihu."

Tsohuwar ta miƙe zaune kamar ba ita ce ke kukan gwiwa ba.

"Mace ko namiji?"

"Mace. An ce da ke take kama, har haƙoran."

"Ubanka ne mai kama da maraƙi. Miƙo min nan, ɗan nema!"

"Sai ta bi ta kan wuta."

"Wuta? Madarar Fure? La'ilaha illallahu! Kai dai an yi asarar Bafulatani. Ba ka san in madara ta tafasa ta zubo a wuta hantsar saniya ƙafewa take ba? So kake 'yar maraƙar ta mutu da yunwa?"

"Daga Gyaɗi-Gyaɗi har Rano? Fure waya gare ta?"

"Ba ta bukata. Saniyar da nake kira daga ƙofar bukka ta amsa daga bakin rafi? Kai ina kiranka daga ɗaki ba ka ji."

"Ni ai kishi nake. Wata uku ina zaryar asibiti, ina ɗaukar ki kamar buhun gero, ko sannu ba ki ce min ba. Saniya ta aiko da jarka ɗaya kin warke."

"Shekara saba'in ina sha daga hantsa. Me ya same ni?"

"Abin da ya same ki bana. Ƙwayar cutar nan ba ta da wari, ba ta da launi. Saniya na kiwonta lafiya lau, tana zubo ta a ƙwarya. Har tarin fuka ta nan yake biyowa."

"Fure ba ta da cuta. Tsabtarta ta fi taka. Yaushe rabonka da wanka?"

"Tun ranar da kika ƙi aurena na daina."

Inna Hauwa ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta jawo jarkar ta buɗe, ta kai hanci, ta shaƙi ƙamshin. Wallahi duk wanda ya ga fuskarta a lokacin sai ta ba shi tausayi.

"Ƙamshin ciyawar fadama," ta ce a hankali. "Warhaka kakanka ya dawo daga masallaci, yana zaune a bakin garke, ina kawo masa da kumfarta. Nan kuwa in na tashi da asuba ba abin da nake ji sai kukan janareto. Murtala, ba madarar nake so ba. Ɗuminta nake so."

Murtala ya sosa ƙeya. Can sai ya zaro wani siririn ƙarfe daga aljihu, mai kai kamar agogo.

"To, tsohuwa, mu yi shawara. Kin ce in ta tafasa ta zubo ne hantsa ke ƙafewa?"

"Haka muka taras."

"In ba ta tafasa ba fa?"

"In ba ta tafasa ba, me ya kai ta wuta?"

"Haka muke yi a wurin aiki. Wannan ma'aunin zafi ne. A ɗora ta, wuta kaɗan, ana juyawa. In ya nuna sittin da biyar, a riƙe ta a nan rabin awa. Cutar ta mutu, madara ba ta tafasa ba, ɗigo ɗaya bai taɓa wuta ba. Fure ba za ta ji labari ba."

Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wato munafunci za ku yi wa saniyata."

"Sirri ne tsakanin miji da mata."

"Allah ya tsare ni da mijin da ke yi wa madara allura. Kawo muciyar nan, ni zan juya. Hannunka ba albarka. In na ga kumfa ɗaya ta taso, ka sake ni yau ɗin nan."

Rabin awa suka yi a bakin risho, ita tana juyawa, shi yana duba ƙarfensa, tana zaginsa shi da birninsu. Da lokaci ya cika ya sauke tukunyar ya tsoma gindinta a bahon ruwan sanyi.

"Kai, dakata! Kada ka kashe min ita gaba ɗaya. Ɗebo min tun tana da rai."

Ta sa ɗan yatsa a ludayin, ta jira, ta sake sawa. Sannan ta rarrafa ƙarƙashin gado ta jawo wani ƙullin zane. Ƙwarya ce a ciki, ta yi baƙi don tsufa, an ɗinke tsagarta da zare. Murtala ya gane ta. Tun ranar da aka fita da Malam Bello ba wanda ya sake sha a cikinta.

Ta zuba, ta rufe ido ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗumin hantsa," ta ce. "Sak. Ɗan banza, ka iya ƙarya."

"To sha mana."

Ta goge ido da gefen zane, ta yi dariya, ta miƙa masa ƙwaryar.

"A gidanmu maigida ke fara sha. Ungo, mai ƙafar kara. Amma ka rage min."