Rasuwar Shafal, akwatin wutar ampilin Sakina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai huce ba, Sakina Jaye ta Gazawa tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akwatin wutarta, Shafal, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a Gangara, tana da wata huɗu a duniya.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ce ke karɓar kuran, wato wutar lantarki, ta tace shi ta miƙa ma ampili, na'urar ƙara murya, daidai cikinshi. Sakina ce ta haɗa ta da hannunta, daga gawar tele biyu da ordinater guda, wato kwamfuta. Sau uku tana naɗa wayar tagulla a ɗan zoben transfo mai rage ƙarfin wuta tana warwarewa, kafin abin ya yarda. Ba ta yi lakol ta koyi aikin wuta ba. Waya ta kalla, yatsunta suka ƙone, ta iya.

Marigayiya mai kunya ce. Ba ta zafi, ba ta gurnani, in tana aiki sai ka kai kunne kafin ka ji wani siririn “tsiii”. Laifinta guda a idon jama'a: ba ta da nauyi. Nan garin kuwa kowa ya san yadda ake gwada kayan wuta, a ɗaga a hannu a jijjiga, in ya yi nauyi a ce na ƙwarai ne.

Ciwon ajali ya same ta a hanya. Ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta Gangara ta kira Sakina ta sa masu lasifika wurin taro, shugabarsu Hajiya Ummukulsum ta ce in murya ta kai har bayan rumfa, aikin ya zama nata duk shekara. Ɗan kawun Sakina, Injiniya Balarabe, mai diplom cikin gilashi da shagon gyara da aka rufe tun bara, ya ce shi zai kai kayan a moto. Ya ɗaga Shafal, ya ce wannan abin kunya ne ga dangi, transfo na gaske sai ƙato ya yi nishi. A tasha ya kwance murfin, ya jefa ƙaton kwaɗon ƙofa ciki don ta yi nauyi da kwarjini, ya ɗaure. Hanyar Gangara ta yi sauran aikin.

Da aka ba ta wuta gaban mata sama da sittin, ta ce “fat”, ta yi hayaƙi, shi ke nan. Injiniya ya gyara tabarau ya shaida ma taro cewa dama aikin mace haka yake ƙarewa. Hajiya ta yi jawabinta da maƙogwaro.

Ta rasu ta bar ampili guda da bai san abin da ya faru ba, da lasifika biyu marayu, da Sakina, wadda yanzu ake nuna ta a kasuwa ana cewa ga mai ƙona kaya.

Za a yi jana'iza ranar kasuwar Gangara mai zuwa, ƙarfe goma, a rumfar ƙungiya, kuma Hajiya ta ce za ta zo. Gawa za ta kwanta a buɗe, da kwaɗon yadda aka same shi, manne da tabon ƙuna. Zoben transfo ya tsira, an ba ƙanwar marigayiya, wadda za a kunna a wurin, ita ma ba nauyi. Ba a karɓar gaisuwa da Faransanci. Ana roƙon maza su zo da makullansu, Injiniya a sahun gaba. Wanda makullinshi ya buɗe kwaɗon, shi zai ɗauki gawa a ka ya zaga kasuwa, tunda yanzu ta yi nauyin da yake so.